Rufin Asiri: Darasin da Yusufu Kafinta Ya Koyar Ba Tare da Ya Ce Uffan Ba

Duk wanda ya taɓa shirya yara don wasan kwaikwayon Kirsimeti ya san yadda rabon ke kasancewa. 'Yan mata na rububin zama Maryamu ko mala'ika, saboda farin mayafi. Yara maza kuwa kowa so yake a naɗa shi Sarki Hirudus, ya ɗora kambin kwali, ya daka tsawa, jama'a su fashe da dariya. In an gama rabo, sai malamin makarantar Lahadi ya waiwaya ya nemo yaron nan mai nauyin baki, wanda hadda ke ba shi wuya, ya ce, "Kai ne Yusufu." A miƙa masa sanda da tsohon zani, a tsayar da shi bayan komin dabbobi har a tashi. Ni kaina shekara uku a jere ina Yusufu, kuma na daɗe ina ganin raini ne aka yi mini.

Sai da na yi hankali na gane malaminmu bai zalunce ni ba. Bi Bisharun nan huɗu daga farko har ƙarshe, ba za ka ci karo da kalma ko ɗaya da aka rubuta ta fito daga bakin Yusufu ba. Zakariya ya yi magana, har maganar ta jawo masa bebantaka ta wata tara. Maryamu ta yi tambaya, ta kuma yi yabo. Alisabatu ta yi magana, makiyaya sun yi, tsoho Saminu ya yi, Hirudus ma ya yi. Yusufu kuwa sai dai a ce ya ji, ya tashi, ya aikata. Duk da haka, a hannun wannan mutum marar surutu aka danƙa ran uwa da jariri. Abin da ya yi kuwa Bahaushe yana da sunansa, suna da muke furtawa kullum a addu'a ba tare da mun auna nauyinsa ba: rufin asiri. A ganina shi ne darasin da labarin haihuwar Almasihu ya fi nanatawa, shi ne kuma wanda muka fi yi wa riƙon sakainar kashi a gidajenmu da majami'unmu.

Mu fara da halin da Yusufu ya shiga. Nazarat ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Galili, irin wanda in akuya ta ɓata da safe, kafin azahar kowa ya ji. An yi masa baiko da Maryamu. Baiko kuwa a wurin Yahudawan wancan zamani ya fi namu nauyi, domin mace ta riga ta zama matar mutum a gaban shari'a, tarewa kaɗai ta rage, kuma ba a warware shi sai da saki. Ana cikin haka ciki ya bayyana, Yusufu kuma ya san ba nasa ba ne. Littafin Maimaitawar Shari'a, sura 22, ya tanadi hukuncin jifa ga wadda aka yi wa baiko aka same ta da irin wannan laifi. Ko da ba a kai ga jifa ba, tsayar da ita gaban dattawan gari ya isa ya kashe ta da ranta. Shi kuwa da ya yi haka da ya wanke sunansa tas, mutane su tausaya masa, wasu ma su fara yi masa tayin 'ya'yansu.

Matiyu ya ce Yusufu ya yanke shawarar sallamar ta a asirce don kada ya kunyata ta. A lura da yadda labarin ya jeru, don a nan ne gishirin yake. Sai da ya riga ya yanke wannan shawara tukuna mala'ika ya zo masa cikin mafarki ya bayyana masa cewa cikin daga Ruhu Mai Tsarki yake. Ke nan lokacin da ya zaɓi tausayi, bai san Maryamu ba ta da laifi ba. A iya saninsa an ci amanarsa, kuma cikin wannan zafin ne ya ce ba zai tona ta ba. Mu yau muna karanta labarin da sanin ƙarshensa, shi ya sa abin ke mana sauƙi. Shi a duhu yake. Matiyu kuma ya kira shi adali, wato a ma'aunin Bishara adalci da rufin asiri uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Bayan mafarkin ma ba a sauke masa kaya ba, ƙara masa aka yi. Ya ɗauki Maryamu zuwa gidansa, ya raɗa wa yaron suna a rana ta takwas, wanda a al'adarsu yake nufin ya karɓe shi ɗa, ya sa shi cikin zuriyar Dauda. Mala'ika ya yi wa Yusufu bayani, amma bai bi gidajen Nazarat ɗaya bayan ɗaya yana yi wa maƙwabta ba. Matan da ke ɗiban ruwa a rijiya sun iya lissafin watanni. Wanda ya rufa wa wani asiri da gaske, yakan yarda a shafa masa wani abu daga cikin kunyar. Wannan ne kuɗin da Yusufu ya biya, bai kuma taɓa kai ƙara ba.

To, mu fa? Yau in yarinya ta yi tuntuɓe, kafin mahaifinta ya ji, labarin ya zaga zauruka uku na WhatsApp, har da hotonta. Mun ma ƙirƙiro wa gulma rigar ibada. Sai ka ji an ce, "Ina faɗa miki ne don ki sa ta a addu'a," alhali daga mai faɗar har mai saurare babu wadda za ta durƙusa. Magana zarar bunu ce, wadda ta fita ba ta komawa, kuma waya ta sa bunun yana tashi har inda mai shi bai taɓa zuwa ba.

Na taɓa zama a wata majami'a inda aka karanta sunan wata 'yar ƙungiyar mawaƙa cikin sanarwa, aka ce an sa ta a horo. Ta tashi daga cikin 'yan uwanta ta koma bencin baya, idon kowa a kanta. Saurayin da ya yi cikin ya riga ya shige birni, ba wanda ya karanta sunansa. Ranar Lahadin da ta biyo baya, wata tsohuwa gwauruwa daga cikin Zumuntar Mata ta dogara sandarta ta je ta zauna kusa da yarinyar. Wani dattijo ya sunkuya ya ce mata, "Mama, ai wurinki yana gaba." Ta ce, "Ɗana, ƙafafun nan sun tsufa, nan ya fi kusa da ƙofa." Haka ta yi ta zama har aka ɗage horon. Ranar suna ita ce ta fara isa gidan da ƙullin sabulu da garin kunu. Wa'azi da yawa na ji a wannan majami'a na manta, amma wannan bencin yana nan a raina. Tsohuwar ta rufa wa yarinya asiri, ta kuma rufe alherin nata da ciwon ƙafa.

Ba ina cewa a soke horo ba ne. Ikilisiyar da ba ta tsawatarwa ta zama kasuwa. Amma Yesu da kansa, a sura 18 ta Matiyu, ya shimfiɗa yadda ake yi: ka fara samun mai laifi kai da shi kaɗai, in bai ji ba ka ƙara mutum ɗaya ko biyu, sai abin ya faskara tukuna a kai gaban jama'a. Mu mun juya tsanin, muna farawa daga matakin ƙarshe. Horon da ke kama mace ya saki namiji, ya kama talaka ya kau da kai daga mai ba da baiko mai tsoka, ya kamata a nemo masa wani suna. Ba na mamaki cewa yaron da ya tashi a gidan wancan kafinta shi ne daga baya, da aka jawo wata mace gabansa don a jefe ta, ya mayar da kowa ga binciken zuciyarsa har dandalin ya watse. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Luka ya ba mu wani gefen labarin. Da Maryamu ta ji saƙon mala'ika Jibra'ilu, sai ta kama hanya da gaggawa zuwa ƙasar tuddai ta Yahudiya, gidan 'yar uwarta Alisabatu, ta zauna wajen wata uku. Me ya sa can? Alisabatu ta san ɗacin bakin mutane. Ta tsufa ba haihuwa, a cikin al'ummar da ke ɗaukar rashin haihuwa abin gori, kamar dai yadda har yau ake yi wa matanmu habaici a gidan biki. Da ta sami ciki a tsufanta, ɓoye kanta ta yi har wata biyar. Wadda ta sha gori ita ta fi sanin yadda ake tarbar wadda gori ke jira. Ba ta tare Maryamu da tambayoyi a bakin ƙofa ba, da albarka ta tare ta. Zumunta a ƙafa take, Maryamu ta taka, amma sai da ta san akwai ƙofar da za a buɗe mata. Kowace unguwa tana bukatar gida irin na Alisabatu, inda yarinyar da duniya ta yi wa zafi za ta je ta sha ruwa kafin a fara bincike. Da yawa daga cikin 'yan matan da ke faɗawa hannun masu zubar da ciki a ɓoye, ko su gudu su shiga duniya, abin da suka rasa ke nan: ƙofa ɗaya tak.

Rufin asiri a bakin Bahaushe yana da ma'ana ta biyu. In ka tambayi magidanci yaya gida, ya ce akwai rufin asiri, yana nufin ba arziki ba ne, amma ba a kwana da yunwa, ba a kuma roƙo. Iyalin Yusufu a wannan matsayi suke, Luka kuma bai ɓoye ba. Umarnin ƙidayar da Kaisar Augustas ya bayar ya tashe su daga Nazarat zuwa Baitalami, tafiyar da ta kai kusan tazarar Kano zuwa Zariya, ga mace da tsohon ciki. Jakin da muke gani a hotuna ma babu shi a cikin Bishara. Haka nan mugun mai masaukin nan da yaranmu ke kwaikwaya yana korar baƙi, Luka bai ambace shi ba. Kalmar Helenancin da ya yi amfani da ita don masaukin ita ce dai wadda ya sake amfani da ita a sura 22 don ɗakin baƙin da Yesu ya ci jibin ƙarshe da almajiransa, alhali a labarin Basamariye mai tausayi wata kalma dabam ya sa don masaukin haya. Shi ya sa masana da dama ke ganin gidan dangi ne ya cika da baƙin ƙidaya, aka sauke su a sashen da dabbobi ke kwana. In haka ne, wani ya duba gidansa ya ga babu ɗaki, amma bai ce babu wuri ba. Ya ba da abin da yake da shi, abin kuma ya wadatar.

Bayan kwana arba'in, kamar yadda matanmu ma ke cika arba'in, suka kai yaron Haikali a Urushalima. Littafin Firistoci, sura 12, ya ce mai jego ta kawo ɗan rago bana ɗaya da tsuntsu guda, wadda kuwa ba ta da halin rago ta kawo kurciya biyu ko 'yan tattabaru biyu. Tsuntsaye biyun nan ne Luka ya ambata. Wato iyayen Almasihu sun shiga layin talakawa a gaban kowa, suka miƙa hadayar marasa hali, ba su ci bashi don su sayi rago a gan su ba. A cikin wannan taron ne tsoho Saminu da annabiya Hannatu, gwauruwar da ta kai shekara 84 tana bauta a Haikali, suka gane ko wane ne yaron. Ba tufafi suka duba ba.

A kwatanta wannan da abin da Disamba ke yi mana. Magidanci ya ci bashi don ɗinki, uwargida ta shiga anko biyu, a matsa wa tela har ya daina kwana a gida, a yanka abin da aljihu bai kai ba don kada maƙwabta su raina. Janairu na kamawa ga kuɗin makaranta, ga mai bin bashi a ƙofa. Wannan shi ne tona wa kai asiri da sunan rufe shi. Ba laifi ba ne a ci shinkafa da kaza, a soya cincin, a aika wa maƙwabta Kirista da Musulmi kamar yadda muka gada. Laifin shi ne a mayar da ranar wanda aka kwantar a komin dabbobi ta zama ranar da talaka ke jin kunyar zuwa sujada don ba shi da sabon kaya. Na san iyalan da ke zama a gida ranar Kirsimeti saboda wannan dalili kaɗai. Majami'ar da Maryamu da 'yan tattabarunta za su ji nauyin shiga, ta binciki kanta.

Yanzu ga inda magana ke da ƙaya. Wani zai ce, ai wannan rufin asirin ne ya kashe mu. Da sunansa ake cewa uwar yarinyar da aka yi wa fyaɗe ta yi shiru don kada a ɓata sunan gida. Da sunansa ake sauya wa ma'aikacin da ya ci amanar yara wurin aiki maimakon a miƙa shi ga hukuma. Da sunansa kuɗin ginin majami'a ke yin ɓatan dabo a ce a bar wa Allah. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma Matiyu da kansa ya amsa shi.

Kalmar da ya yi amfani da ita a sura ta 1 don sallamar da Yusufu ya yi niyyar yi a asirce, ita ce kalmar da ya sake amfani da ita a sura ta 2, inda Hirudus ya kira masanan taurarin nan na gabas a asirce yana tambayar lokacin da tauraron ya bayyana. Kalma ɗaya, zuciya biyu. Yusufu ya ɓoye magana don ya ceci wadda ba ta da ƙarfi. Hirudus ya ɓoye magana don ya tsare kujerarsa, har da ƙaryar cewa shi ma yana so ya je ya yi sujada.

Tarihi ya san Hirudus sarai. Romawa ne suka naɗa shi sarkin Yahudiya, ya kama Urushalima a shekara ta 37 kafin Miladiyya, ya mutu a shekara ta 4 kafin Miladiyya. Kada wannan lissafi ya ruɗa mai karatu, domin malamin da ya tsara ƙirgen shekarun Miladiyya a shekarar 525 ya yi kuskuren 'yan shekaru. Hirudus gwanin gini ne. Shi ya sake gina Haikalin Urushalima, ya gina birnin Kaisariya da tashar jiragen ruwanta, ya gina kagarar Masada. Amma marubucin tarihin Yahudawa, Josefus, ya rubuta yadda zargi ya sa ya kashe matarsa Mariyamne, ya kashe 'ya'yansa biyu da ta haifa masa, ya kuma sa aka kashe ɗansa Antifata kwana biyar kafin shi kansa ya mutu. Mutumin da ya gina wa Allah ɗaki mafi kyau a zamaninsa shi ne ya aika a karkashe yara maza na Baitalami daga 'yan shekara biyu zuwa ƙasa. Gina majami'a ba ya wanke hannu. Kisan yaran nan kuwa Matiyu kaɗai ya rubuta shi, domin 'ya'yan ƙauye ba kasafai suke shiga littafin tarihin sarakuna ba. Bishara ta ƙi rufa wa Hirudus asiri. Ko Sarki Dauda ma ba ta rufa masa ba: a jerin kakannin Yesu, Matiyu ya ambaci uwar Sulemanu da sunan mijinta na fari, Uriya, mutumin da Dauda ya sa aka kashe don ya ɗauke masa mata.

Ma'aunin ke nan, kuma ba shi da wuya. In an ce maka ka yi shiru, tambayi kanka wa shirun zai amfana. In mai rauni zai tsira da shi, rufin asiri ne, ka riƙe. In mai ƙarfi ne zai ci gaba da ɓarna a ƙarƙashinsa, haɗin baki ne, kuma wanda ya yi shiru ya zama abokin tarayya. Masanan gabas sun gane wannan. Da aka gargaɗe su a mafarki, suka ƙi komawa wurin sarki da labarin inda yaron yake, suka bi wata hanya zuwa ƙasarsu. Sun ɓoye jariri daga sarki. Mu sau da yawa sarki muke ɓoyewa, mu bar jariri a fili.

Akwai wasu mutane a fadar Hirudus da ba a cika wa'azi a kansu ba: manyan firistoci da malaman Attaura. Da sarki ya tambaye su inda za a haifi Almasihu, nan take suka ba da amsa daga littafin annabi Mika, suka ce Baitalami. Tsakanin Urushalima da Baitalami bai kai kilomita 10 ba, tafiyar hantsi ce. Baƙi sun keto ƙasashe suna nema, su kuwa masu ilimin ba a rubuta cewa ko ɗayansu ya taka ya je ya gani ba. Iliminsu bai amfani kowa ba sai mai kisa. Duk wanda ya haddace aya amma ƙafarsa ba ta kai shi gidan mai bukata ba, ya duba ko ba a wannan layi yake ba.

Daga nan sai gudu. Cikin dare Yusufu ya tashi ya ɗauki yaron da uwarsa suka nufi Masar, wadda a lokacin ke ƙarƙashin Roma amma hannun Hirudus bai kai can ba. Ƙasar da kakanninsu suka yi bauta a cikinta ita ce ta ɓoye su. Har yau Kibɗawan Masar suna bikin tunawa da shigowar wannan iyali a ranar 1 ga Yuni, kuma a tsohon birnin Alƙahira akwai majami'ar Abu Sarga, wadda al'adarsu ta ce an gina ta a kan kogon da iyalin suka fake. Bishara ba ta faɗi sunan ko mutum ɗaya da ya ba su ruwa ko ɗaki a can ba, amma dole akwai su. Almasihu ya fara rayuwarsa a matsayin ɗan gudun hijira, yana cin arzikin mutanen da ba danginsa ba.

Wannan sashe ba ya bukatar dogon sharhi ga wanda ya ga shekarar 2014, lokacin da mutanen Gwoza, Madagali, Michika da Mubi suka bazu cikin daji da yara a baya, wasu suka tsallaka zuwa sansanin Minawao a Kamaru, wasu daga arewacin Borno suka nufi Diffa a Nijar. Mafi yawan waɗanda suka tsira ba a sansani suka sauka ba, gidajen mutane ne suka haɗiye su, ɗaki ɗaya mutum goma. A Yola, Bishop Stephen Mamza ya buɗe harabar majami'ar Saint Theresa ga masu gudu, Kirista da Musulmi, daga baya kuma da aka gina musu gidaje aka haɗa har da masallaci. A watan Yunin 2018, a ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutane sama da 200, akasarinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya ƙi miƙa su. Waɗannan su ne Masar ta zamaninmu. Kirista da ya karanta sura ta 2 ta Matiyu ba shi da bakin kiran ɗan gudun hijira kaya, ba shi kuma da hujjar tambayar addinin mai neman mafaka kafin ya buɗe ƙofa.

Kada kuma a ɗauka labarin haihuwar duk shiru ne. Makiyayan da ke kwana a fili suna tsaron garkensu, su aka fara yi wa albishir, kuma da suka gani da idonsu suka baza labarin ga duk wanda suka tarar. Hannatu ma ta yi ta faɗa wa mutane. Abin da aka yayata a labarin nan albishir ne, abin da aka rufe kuwa shi ne abin da zai cutar da marar ƙarfi. Mu mun musanya su. Alherin da maƙwabci ya yi mana yana mutuwa a cikinmu, kuskurensa kuwa har da ƙarin gishiri. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

A Baitalami, majami'ar da aka fara ginawa a zamanin Sarki Kustantin a kan wurin da ake ɗauka nan ne aka haifi Yesu, ƙofar shigarta gajeriya ce ƙwarai, har babba ba ya shiga sai ya sunkuya. Shugaban ƙasa da ɗan dako duk sai sun rusuna. Wanda ya tuna cewa shi ma da rufin asirin Allah yake yawo, sunkuyawa ba ta yi masa wuya. Wane ne a cikinmu zai so a karanta tarihinsa duka cikin sanarwar ranar Lahadi?

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin ranar 25 ga Disamba ga abin da nake roƙo. Wancan saƙon da ke cikin wayarka mai ɗauke da kunyar wani, goge shi, kada ka tura. In akwai wanda ke zaune a bencin baya a majami'arku, je ka zauna kusa da shi. In ka san gidan da ba za a ɗora tukunya ba ranar, aika musu da dare, yadda ko yaranka ba za su sani ba. In kuwa abin da aka ce ka rufe cutar yaro ne ko cin amanar marar ƙarfi, buɗe bakinka ka kai inda za a yi hukunci, ko da mai laifin yana zama a kujerar gaba. Ku kuma malaman makarantar Lahadi, bana in kun zo rabo, ku faɗa wa yaron da kuka ba sanda da tsohon zani ko wane ne yake wakilta.

Allah ya rufa mana asiri, ya kuma sa mu zama masu rufa wa wasu. Barkanmu da Kirsimeti.